Kwalbar Ingila da Rabin Kati

Duk wanda ya saba shiga manyan kantunan magani a Kano ko Kaduna zai lura cewa kantar da ke daidai saitin ido ta sake masu zama. A da wurin farasitamol ne da maganin tari da man zafi. Yanzu an tura waɗannan ƙasa, an jera wasu kwalabe masu murfin ruwan gwal, a jikin wasu ga hoton Baturiya mai furfura tana dariya a kan keke, haƙoranta reras babu giɓi. Kolajin, omega-3, gulutatayon, resberatirol, da wani sabon shiga mai haruffa uku, NMN. Yaron kanti ba ya wahalar da harshensa da waɗannan sunaye. "Wannan na gyaran jiki ne, Alhaji, yana sabunta ƙwayoyin halitta. Wancan kuwa Hajiya za a kai wa, maida tsohuwa yarinya ke nan."

Cinikin ne ya fi ba ni mamaki. Bahaushen da zai tsaya a rana yana tayin kashin albasa, ba ya taya wannan kwalbar. Za ka ga magidanci ɗan shekara hamsin da ɗoriya ya juya ta, ya nemo sunan ƙasar da aka yi ta, ya gyaɗa kai, ya tura kuɗi ta waya. Akwai wadda kuɗinta ya tasam ma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, kuma wata ɗaya za ta yi. Sai ya kai bakin ƙofa ya tuna. "Af, ba ni na hawan jinin nan, rabin kati ya isa, kwana biyu kan bai dame ni ba." Yaro ya sa almakashi ya raba katin, ya jefa rabi a 'yar farar leda.

Ba kowa ke saya wa kansa ba. Ka leƙa ɗakunan iyaye ka gani: saman firji, cikin kwabar Hajiya tsakanin kwanukan samira, gefen gadon Baba kusa da carbi da tocila. Yawancinsu tsaraba ce. A da tsarabar tsoho darduma ce da turare da dabino, yanzu an ƙara kwalba. Ban ga laifin masu aikowa ba. Ɗan da yake aikin jinya a Ingila, ko 'yar da take aure a Abuja, sun ji muryar mahaifinsu a waya ta fara rawa, ga nisa, ga aiki, suna son su yi wani abu da hannunsu. Babu wanda zai naɗe amlodifin, maganin hawan jini, a takarda ya ce, "Baba, ga tsarabarka." Sai ka ce gorin ciwo ake yi masa. Kwalbar kuwa tana da nauyi a hannu, tana da kyan gani, tana da tsada, ana iya nuna wa baƙi. "Yaron nan ne ya aiko mini daga can." Tsohon da ya faɗi haka, rabin abin da yake haɗiya kowace safiya kulawar ɗansa ce, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wani dalilin da ya fi wannan zurfi. Maganin hawan jini yana kiran mutum majinyaci. Kullum ka ɓallo shi daga kati ya tuna maka cewa kana ɗauke da abin da ba ya warkewa, sai dai lallaɓawa. Ga kuma maganganun majalisa a kansa: in ka fara ba ka dainawa, yana kashe ƙarfin namiji, yana cin ƙoda. Kwalbar ba ta kiran kowa majinyaci. Ta masu lafiya ce da suke son ƙari. Mai talla ma cewa yake, "Ai wannan ba magani ba ne, abinci ne, babu kemikal a ciki." Don haka mutum ya riƙe ta da amana kamar wuridi, ɗayan kuma sai ranar da ƙeya ta yi nauyi.

Maganar "ba magani ba ne" gaskiya ce, amma ba ta fuskar da mai talla yake nufi ba. A 1994 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta ajiye irin waɗannan kayayyaki a ɓangaren abinci. Kafin kamfani ya sayar da sabon magani a can, sai ya kai wa hukumar FDA hujjar gwaji a kan mutane cewa yana aiki. Mai sayar da waɗannan kwalaben ba a tambayarsa wannan hujjar kafin ya fito kasuwa. An dai hana shi cewa kayansa suna warkar da wata cuta, shi ya sa za ka ga kalamai masu santsi irin su "yana tallafa wa lafiyar zuciya". A bayan kwalbar kuma, da rubutun da ɗan shekara sittin ba zai iya karantawa ba sai da gilashi, an faɗa ƙarara cewa hukumar ba ta tantance wannan iƙirari ba, kuma kayan ba don warkar da wata cuta ko rigakafinta aka yi su ba. A nan gida ma haka ne da magungunan ganye da lambarsu ta NAFDAC ta ƙare da harafin L: an duba cewa ba guba ba ne, ba a tabbatar da cewa suna yin abin da aka ce suna yi ba. Mai talla ya nuna maka lambar, ya ɗora babban yatsansa a kan sauran bayanin.

To daga ina labarin tsawon ran ya fito? Mafi yawansa daga ɓeraye.

Labarin resberatirol ya isa misali. Sinadari ne da ake samu a fatar inabi, akwai ɗan kaɗan ma a gyaɗarmu. A 2006 David Sinclair na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka wallafa cewa ɓerayen da aka cika da abinci mai maiƙo, aka haɗa musu da wannan sinadari, sun fi 'yan'uwansu lafiya da nisan kwana. Jaridun duniya suka ɗauka. A 2008 kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline ya sayi ɗan ƙaramin kamfanin da aka kafa a kan wannan bincike, Sirtris, a kan dala miliyan 720. A 2010 aka tsayar da gwajin da ake yi da shi a kan masu wata sankarar ɓargo bayan wasunsu sun sami matsalar ƙoda. A 2013 aka rufe ofishin Sirtris ɗin. Da aka sake gwada shi a kan ɓeraye masu cin abinci na yau da kullum, bai ƙara musu kwana ba. A Italiya aka bi tsofaffi 783 na tsawon shekara 9, masu yawan sinadarin a jiki da marasa shi, ba a ga bambanci a yawan mutuwarsu ba. Kamfanin da ya zuba dala miliyan 720 ya tattara ya bar wurin, amma kwalbar tana nan a kanta, shekara goma sha bayan haka, kuma yaron kanti yana rantsuwa a kanta.

Dalilin da ya sa ɓera ya zama shaida a wannan shari'a mai sauƙi ne. Ɓera shekara biyu zuwa uku yake yi a duniya, mai bincike zai iya ganin haihuwarsa da mutuwarsa kafin ya gama digirinsa. Wanda yake son ya gwada abu ɗaya a kan mutane sai ya tara dubbai, ya raba su biyu, ya jira shekara ashirin ko talatin. NMN da ake yayi yanzu an gwada shi a kan mutane 'yan ƙalilan na makonni, an ga yana ƙara wani sinadari mai suna NAD a jini. Ƙaruwar lamba a takardar gwaji daban, ƙarin shekaru daban, kuma na biyun babu wanda ya nuna shi.

Wanda ya fi kowanne ƙarfin hujja a ɓeraye ma ba a kanta yake ba. Rafamaisin ne, wanda aka samo daga ƙasar wani tsibiri mai suna Rapa Nui a tekun Fasifik. A 2009 aka nuna ya ƙara wa tsofaffin ɓeraye kwana, mata da kashi 14 cikin ɗari, maza da kashi 9. Amma magani ne na gaske mai danne garkuwar jiki, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda don kada jiki ya ƙi baƙuwar. Wani attajirin Amurka, Bryan Johnson, wanda ya sayar da kamfaninsa na Braintree a kan dala miliyan 800 a 2013, ya mayar da jikinsa ɗakin gwaji. Yana kashe kusan dala miliyan 2 a shekara don kada ya tsufa, akwai lokacin da yake haɗiyar ƙwayoyi sama da 100 a yini, har ruwan jinin ɗansa matashi ya sa aka ɗura masa a 2023, daga baya ya ce bai ga amfaninsa ba. Ya sha rafamaisin kusan shekara 5, a 2024 ya daina, ya ce yana jawo masa cututtukan fata, suga da kitsen jininsa kuma suna hawa. Wannan mutum ne da ke da likitoci suna auna shi dare da rana. Abin dariyar shi ne, idan aka tambaye shi abin da ya fi muhimmanci a duk hidimarsa, barci yake sawa a gaba. Ƙarfe takwas da rabi na dare yana kwance. Kakannin mai karatu da ke kwanciya bayan Isha ba su biya ko sisi ba.

Inda aka daure aka yi gwajin a kan mutane da yawa, sakamakon bai yi wa masu kwalba daɗi ba. A Finlan aka ɗauki maza 29,133 masu shan taba, aka ba wasu bita-karotin, sinadarin da ke cikin karas da manja, da zaton zai kare su daga sankarar huhu. A 1994 aka buɗe lissafi, sai aka ga waɗanda suka sha sun fi kamuwa da kashi 18 cikin ɗari. A Amurka da Kanada aka gwada bitamin E a kan maza sama da 35,000, a 2011 aka ga sankarar mafitsara ta maza ta ƙaru da kashi 17 cikin ɗari a masu sha. A 2024 aka fitar da nazarin mutum kusan 390,000 da aka bi sama da shekara 20, masu shan haɗin bitamin kullum ba su fi waɗanda ba sa sha tsawon rai ba. Don a yi adalci, akwai gwajin da ya nuna haɗin bitamin ya ɗan taimaka wa tsofaffi wajen riƙe abu a ka. Ɗan taimako ne, kuma da mai arha aka yi gwajin.

Kada wani ya ce na ce bitamin banza ne. Ƙwayar ƙarin jini da folik asid da ake ba masu ciki a wurin awo suna ceton uwa da ɗa. Ɗigon bitamin A da ake matsa wa yara a baki yana kare ido, yana rage mutuwa. Gishiri mai aidin ne ya sa maƙoƙo ya yi ƙaranci a garuruwan da a da ake ganinsa a kowace kasuwa. Mai ciwon suga da ya daɗe a kan metfomin yana iya buƙatar bitamin B12. Tsohuwar da ƙashinta ya yi laushi likita zai iya rubuta mata kalsiyam da bitamin D. Duk waɗannan giɓi ne aka gano aka cike, kuma kusan duk masu arha ne ko kyauta. Jikin da ba shi da giɓi kamar randa ce da ta cika, ƙarin ruwa sai dai ya malale. Wasu kam malalewar suke, shi ya sa fitsari yake yin ɗorawa shar bayan an sha, mutum ya ce ga datti yana fita, alhali kuɗinsa ne ke fita. Amma A da D da E ba sa bin fitsari, taruwa suke a hanta da kitse.

Kolajin kuwa, wanda mata suka fi saya, tsohon sani ne a sabuwar riga. Shi ne ke sa romon ƙafar sa ya daskare idan ya kwana. Ganda kusan shi ne zalla. Garin da ke cikin gwangwanin daga fatar shanu ko ta kifi ake yinsa, wani kuma daga ta alade, abin da ya kamata mai saye ya duba kafin ya biya. Ko daga ina ya fito, ciki narkar da shi yake kamar kowane nama, ya aika da gutsattsarinsa inda jiki ya ga dama, babu adireshin fuska a jikinsu. Akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka ce fata tana ɗan yin laushi, da yawansu masu sayarwar ne suka biya kuɗin yinsu. Na san matan da ba za su yarda a ga ganda a miyarsu ranar baƙi ba, amma suna kaɗa garinta a shayi kowace safiya.

"Amma ni na sha na ji daɗin jikina." Wannan ita ce hujjar da ba a iya kayarwa a majalisa, kuma mai faɗarta ba ƙarya yake ba. A 1889 wani babban likita a Faris, Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya yi wa kansa allurar ruwan da ya tatso daga marainan karnuka, ya tsaya gaban 'yan'uwansa masana ya ce ƙarfinsa ya dawo. Dubban likitoci suka bi sahu. Daga baya aka gane ruwan ba ya ɗauke da abin da zai iya yin wannan aiki, zuciyarsa ce ta yi masa. Ya rasu a 1894. Wanda ya kashe kuɗi mai yawa, ya sa rai, zai ji wani abu. Wanda ya fi tsorata ni shi ne wanda ya ji sauƙi da gaske, cikin kwana biyu, gwiwa ta saki, cin abinci ya buɗe, kumatu suka ciko. Ganye ba ya wannan saurin. Tsakanin 2007 da 2016 hukumar FDA ta gano irin waɗannan kayayyaki 776 da aka cusa wa magungunan asibiti a ɓoye, na ƙarfin maza da na rage ƙiba da na gina tsoka. An kuma sha kama na ciwon gaɓɓai ɗauke da dezametason, ɗaya daga cikin abin da muke kira sha-ka-fashe, wanda ke ta da suga da hawan jini, ya kuma cinye ƙashi a hankali. Idan haka ta faru a ƙasar da ake bincike, sai ka ƙiyasta abin da ke cikin ƙullin da ake tallarsa da lasifika a tasha.

Mu koma kan abin da ke cikin 'yar farar ledar. Kusan mutum 3 cikin kowane baligi 10 a Najeriya suna da hawan jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi a duniya ba su san suna da shi ba. Ba ya sallama. Ciwon kai da mutane suke jira kafin su sha magani ba ma'auni ba ne, jini yana iya kaiwa 180 mutum yana raha a ɗaurin aure. Shi ne ke bayan yawancin labaran "ya shiga banɗaki ya faɗi", da shanyewar ɓarin jiki, da layin wankin ƙoda. Ƙodar da ake cewa maganin yana ci, hawan jinin da aka bari ne ya fi cinta. A 2016 aka haɗa gwaje-gwaje 123 da suka ƙunshi mutum sama da 600,000, aka ga duk saukar maki 10 a lambar sama tana rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 27 cikin ɗari, tana rage mutuwa ta kowace hanya da kashi 13. Wannan ita ce irin hujjar da masu kwalba suke nema ba su samu ba, ga ta a jikin ƙwayar da ake yanka katinta da almakashi. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi na'urar awon jini ta gida, ya kuma biya maganin watanni.

Sauran abubuwan kowa ya san su, shi ya sa ba sa burge kowa: barin taba, tafiya a ƙasa zuwa masallaci da kasuwa maimakon hawa babur don tazarar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, wake da zogale da rama, rage gishiri zuwa ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya a yini, tare da tuna cewa dunƙulen da ake jefawa huɗu-huɗu a tukunya kusan rabinsa gishiri ne. Shekara 54 da ake cewa ita ce matsakaicin ran ɗan Najeriya, mutuwar yara ƙanana ce ta fi janyo ta ƙasa, ba rashin NMN ba.

Malamai suna kawo hadisin Usama bin Sharik da ke cikin Abu Dawud da Tirmizi, wanda ya yi umarni da neman magani, ya kuma ware tsufa shi kaɗai daga cikin abubuwan da ake yi wa magani. Na ga muna juya shi. Cututtukan da suke rakiyar tsufa, waɗanda suke da magani, su muke bar wa ƙaddara. Tsufan da aka ware, shi muke bi da kuɗi.

Inda abin yake fitowa fili shi ne ɗakin ganin likita. Likita ya tambaya, "Baba, wane magani ake sha yanzu?" Baba ya ce babu, sai dai na hawan jini jefi-jefi. 'Yarsa da ta rako shi ta ce, "Baba, na Yaya fa da ya aiko?" Ya ce ai waɗannan ba magani ba ne. Ta zazzage jaka a tebur, kwalba biyar. Likitan yana da dalilin tambaya: wasu ganyayyakin suna ƙara tsinka jini ga mai shan maganin tsinka shi, tsantsar koren shayi da ta kurkum masu ƙarfi sun sha kai mutane asibiti da ciwon hanta, bayotin da ake sha don gashi yana iya rikita gwajin da ake gano bugun zuciya da shi. Ya ɗauki kowace ya karanta bayanta, ya ture uku gefe, ya ɗaura wa Baba abin awo a dantse, ya jira, ya sake aunawa a ɗaya hannun.

Baba ya ce, "To Likita, na Ingilan nan, in ci gaba da shi?"

"Wannan ɗaya ba zai cuce ka ba, Baba, in kana so ka ƙarasa shi. Amma ka ce wa yaron, in zai sake aike, kuɗin ya turo. Wannan ƙaramin na hawan jini kuma kullum ne, ko kai yana ciwo ko ba ya yi. Ku dawo nan da mako biyu mu sake aunawa."